Ƙurar gini da huhun masu sankarar jini: shekara biyar a wani asibiti a Haifa

Wannan bayani ne a kan wani babban asibitin koyarwa da ke birnin Haifa, a arewacin Isra'ila, da cutar funfuna a huhu da ta sami masu jinyar sankarar jini a cikinsa sa'ad da ake ta gine-gine da gyare-gyare, daga Satumba 1993 zuwa wajen tsakiyar 1998. Alƙaluman da suka shafi asibitin sun fito ne daga rahoton da likitocin wurin suka wallafa a 2001. Sauran bayanan, kamar halin cutar da aikin magunguna da ƙa'idojin tace iska, sanannu ne a fannin, kuma an kawo su ne domin a gane dalilin kowane mataki da aka ɗauka.

Kafin Satumba 1993: ɗakin jinyar, majinyatan, da funfunar

A wancan lokaci masu sankarar jini a asibitin ba su da sashe mai tace iska. Ana kwantar da su ne a ɗakin jinya na gama-gari, inda iskar da ta shigo ta taga da ƙofa ita ce kowa ke shaƙa. Ga yawancin marasa lafiya wannan ba matsala ba ce. Ga waɗannan kuwa, lamarin daban ne.

Mai sankarar jini mai saurin ci, ɓargonsa ne ke cika da gurɓatattun ƙwayoyi, su hana lafiyayyu fitowa. Jinyar farko ita ce a share ɓargon kakaf da kemo mai ƙarfi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, sannan a jira ya sake tofowa. A tsakanin sharewa da tofowa, fararen ƙwayoyin jinin da ake kira niyutrofil, waɗanda su ne dakarun farko na jiki, sukan yi ƙasa warwas. Lafiyayyen mutum yakan sami sama da 1,500 a kowace maikirolita ta jini. Bayan kemo sukan sauka ƙasa da 500, wani lokaci ma ƙasa da 100, su zauna a haka mako biyu zuwa huɗu. Duk tsawon makonnin nan majinyaci yana kwance a asibiti, kuma abin da bai isa ya sa wani atishawa ba yana iya kai shi kushewa.

Abin da ake tsoro a iska shi ne wata funfuna mai suna Aspergillus. Manomin gyada ya san ɗaya daga cikin danginta, wato Aspergillus flavus, mai fitowa kore-kore a jikin gyada ko masarar da aka adana ba ta gama bushewa ba, wadda ke haifar da gubar aflatoksin. Wadda ta fi kama huhu ita ce 'yar'uwarta, Aspergillus fumigatus. Tana rayuwa a ƙasa, da ruɓaɓɓen ganye, da duk wani lungu mai danshi. Irinta da take watsawa bai wuce maikiron 2 zuwa 3 ba, alhali kaurin gashin kai guda ya kai wajen maikiron 70. Saboda wannan ƙanƙanta, irin yakan daɗe yana yawo a iska kafin ya sauka, kuma idan aka shaƙe shi yana wuce hanci da maƙogwaro ya kai can ƙarshen huhu. Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwansa kullum, jiki ya kashe su ba tare da mun sani ba.

A tsohon gini, irin nan yana da wuraren kwanciya. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗaga fallen silin ya san abin da ke bayansa: ƙura mai laushi, toka-toka, ta shekara da shekaru, ta kwanta a kan wayoyi da bututun ruwa, ga tabon yoyo a wani gefen inda fallen ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Muddin ba a taɓa ta ba, tana nan kwance. Da ma'aikaci ya tura fallen da kansa domin ya leƙa, ta tashi. Haka in an fasa bango, ko an kankare filasta, ko an haƙa tushen sabon gini a harabar waje, ko an tura baro cike da ɓaraguzai ta baranda.

Ba a 1993 aka fara sanin wannan ba. Tun 1976 likitoci a birnin Baltimore na Amurka suka ba da rahoton masu sankara da suka kamu da cutar bayan an koma sabon asibiti, aka kuma danganta ta da abin da aka fesa wa ƙarafan ginin domin kare su daga gobara. A 1986 wani asibitin soja a Amurka ya wallafa yadda ya shawo kan irin wannan annoba lokacin gyaran gini, ta hanyar killace wurin aiki da zuƙe iskarsa da sanya matatun iska.

Satumba zuwa Disamba 1993: ɓarkewar cutar

Asibitin ya shiga babban aiki, gini a waje da gyara a ciki, a lokaci guda. A cikin watanni huɗu, daga Satumba zuwa Disamba, kashi 50 cikin 100 na masu sankarar jini mai saurin ci da aka yi jinyarsu a ɗakin gama-garin sun kamu da funfunar a huhu. Wato duk mutum biyu, ɗaya.

Yadda cutar ke zuwa yana da wuyar sha'ani. Majinyacin da niyutrofil ɗinsa ya faɗi yakan yi zazzaɓi, kuma abin da aka saba shi ne a ɗora shi nan take a kan magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi. In bakteriya ce, cikin kwana biyu zuwa uku jiki ya yi sanyi. In funfuna ce, zazzaɓin yana nan daram, a canza magani, bai gusa ba. Daga baya sai tari busasshe, sai ciwon ƙirji mai suka idan an ja numfashi, wani lokaci har da jini a kaki. Dalili shi ne irin da ya sauka a huhu yana tsiro, ya fitar da zare-zare, zaren ya huda bangon jijiyar jini ya toshe ta, naman huhun da ke wajen ya mutu. Idan aka yi sake, ta bi jini ta haura ƙwaƙwalwa.

Tabbatar da ita ma aiki ne. Gwajin noman jini da wuya ya nuna wannan funfuna. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan fito ƙalau a kwanakin farko. Yanko ɗan naman huhu domin a duba yana da haɗari, domin ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ma kemo ya kwashe su. Gwajin jinin da ake dogaro da shi yanzu, mai neman galaktomanan, wani sinadari na jikin funfunar, sai a 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Abin da ya fi taimako a shekarun nan shi ne hoton CT, mai nuna cikin huhu yanka-yanka, inda a farkon cutar ake ganin ɗan dunƙule fari a huhu da wani hazo-hazo kewaye da shi, wanda jini ne da ya tsatso a gefen mataccen nama. Idan niyutrofil ya fara dawowa, sai a ga iska ta yi siffar jinjirin wata a gefen dunƙulen.

Ganin yawan masu kamuwa a cikin ɗan lokaci, a ɗaki ɗaya, daidai da lokacin aikin, likitocin suka ɗauke ta a matsayin annobar da aka samo a cikin asibiti.

Farkon 1994 zuwa tsakiyar 1995: an gwada rigakafi da magani

Matakin da aka ɗauka shi ne a riga cutar da magani. Aka fara ba majinyatan amfoterisin B ta jijiya, ƙaramin awo, ana ɗura shi ba tare da yankewa ba, tun kafin su nuna wata alama. Su kuwa suna nan a ɗakin jinya na gama-gari.

Zaɓin da ke hannun likita a lokacin ƙalilan ne. Fulukonazol, wanda ya fito a 1990 kuma ake ba irin waɗannan majinyata domin kare su daga funfunar Candida, ba ya taɓa Aspergillus ko kaɗan. Itirakonazol yana aiki a kanta, amma ƙwayarsa ba ta shiga jini yadda ya kamata a cikin wanda kemo ya lalata wa hanji, ga amai ga rashin cin abinci. Borikonazol bai fito ba sai 2002. Saura amfoterisin B, tsohon magani da aka samo a shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a yankin kogin Orinoco na Benezuwela.

Magani ne mai aiki, amma mai wahalarwa. Ruwansa rawaya ne a cikin ledar ƙarin ruwa. Idan ana ba da cikakken awo na jinyar Aspergillus, wato miligiram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, sau da yawa ba a daɗe da fara ɗurawa ba majinyaci ya kama makyarkyata, haƙora na haɗuwa, gado na motsi, a lulluɓa masa bargo biyu bai ji ba. Bayan kwanaki sai ƙoda ta fara gajiya, sinadarin fotasiyam ya zube ta fitsari, a riƙa auna jini ana cikawa. Wanda ke kan kemo da magungunan bakteriya masu taɓa ƙoda ba zai jure wannan mako huɗu a jere ba alhali bai ma kamu ba. Rage awon da ɗura shi a hankali yana rage makyarkyata da illar ƙoda.

An bi wannan tsari watanni 18. A tsawon lokacin, kashi 43 cikin 100 na masu sankarar jini mai saurin ci sun kamu. Daga 50 an sauko zuwa 43. Su kansu likitocin, a rahotonsu, sun ce raguwar ba ta taka kara ta karya ba.

Wajen tsakiyar 1995: an buɗe sabon sashe

Bayan watanni 18 ɗin ne aka buɗe sabon sashen cututtukan jini, wanda iskarsa ke bi ta matatun HEPA kafin ta shiga ɗakunan.

Matatar HEPA tabarma ce ta siraran zaren gilashi da aka cakuɗa, aka nannaɗe ta lanƙwasa-lanƙwasa a cikin akwati domin faɗinta ya yawaita. Injin fanka yana tura iska ta cikinta. Manyan ƙwayoyin ƙura suna karo da zaren su maƙale, matsakaita su goge shi su manne, ƙananan ƙwarai kuma suna ta kai-komo har su faɗa masa. Ma'aunin da aka sa mata shi ne ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, domin masu wannan girma suna cikin waɗanda suka fi wuyar kamu. Irin Aspergillus ya ninka haka sau bakwai zuwa goma, don haka kama shi ya fi sauƙi.

Sai dai matata ita kaɗai ba ta wadatar, sai ɗakin ya zama iskar da aka tace ce kawai ke shiga. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rubuta a 2003 ga irin wannan ɗaki ta fayyace abin. A toshe duk wata kafa a taga da silin da wurin da waya ko bututu ya ratsa bango. Ƙofa ta zama mai rufe kanta. A sauya iskar ɗakin aƙalla sau 12 a awa, wanda da shi ake kwashe kashi 99 cikin 100 na abin da ke yawo a iska cikin minti 23. Sannan iskar da ake turawa ciki ta fi wadda ake fitarwa yawa, yadda matsin ɗakin zai ɗara na baranda da aƙalla faskal 2.5 (faskal ma'aunin matsin iska ne). Ɗan bambanci ne da jiki ba ya ji, amma da shi ne idan an buɗe ƙofa iska ke fita maimakon ta shigo. Ba a ajiye fure ko tukunyar shuka a ɗakin, kuma in dole majinyaci ya fita zuwa hoto ta kusa da wurin gini, a sa masa takunkumin N95.

Da buɗe sashen, asibitin ya fara dashen ɓargo. Wannan ƙarin nauyi ne, domin wanda aka yi wa dashe garkuwar jikinsa takan faɗi ƙasa sosai, kuma a shekarun 1990 wanda aka yi wa dashe ya kamu da wannan cuta da wuya ya tashi.

1995 zuwa 1998: ɗaki biyu a asibiti ɗaya

Sabon sashen bai ishi kowa ba. Idan gadajensa suka cika, mai sankarar jinin da ya zo sai a kai shi ɗakin gama-gari kamar da. Ba wanda ya shirya haka domin bincike, ƙarancin wuri ne ya raba majinyatan gida biyu.

A cikin shekara uku, daga cikin waɗanda suka yi dukan jinyarsu a sabon sashen, masu sankarar jini da masu dashen ɓargo baki ɗaya, babu ko mutum ɗaya da ya kamu. Daga cikin masu sankarar jinin da aka kwantar a ɗakin gama-gari saboda rashin gado, kashi 29 cikin 100 sun kamu.

Ƙarshen waɗanda suka kamu

A kusan shekara biyar, mutum 31 aka gano da cutar. Kashi 74 cikin 100, wato mutum 23, sun warke daga funfunar. Kashi 42 cikin 100, mutum 13, suna raye har lokacin da aka rubuta rahoton. Kashi 26 cikin 100, mutum 8, sun rasu da funfunar a huhunsu tare da sankarar da ta ƙi jin magani. Ba wanda funfunar ita kaɗai ta kashe.

Wannan sakamako ya fi abin da aka saba gani. Wani bita da aka yi a 2006 na annoba 53 irin wannan a asibitoci daban-daban, mai ɗauke da majinyata 458, ya nuna cewa a cikin masu sankarar jini da dangoginta kusan kashi 58 cikin 100 sun rasu, alhali a Haifa kashi 26 ne suka rasu da funfunar a huhunsu. Bitar ta kuma nuna cewa a kusan rabin annobar, gini ko rushe-rushe ne ake zargi. Likitocin Haifa sun danganta nasu sakamakon da gano cutar da wuri da fara jinya da wuri. Ma'aikatan da suka ga rabin majinyatansu sun kamu cikin wata huɗu ba za su tsaya jiran tari da jini ba kafin su aika mutum hoto.

Abin da lamarin ya nuna

Rigakafin magani ya gaza ne, a ganina, saboda an nemi ƙaramin awo ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa. Amfoterisin B na asali yawancinsa yana manne da sinadaran jini, kaɗan ne ke isa fatar cikin huhu inda irin ke sauka, balle an rage awon domin a tsira da ƙoda. Magani irin wannan yana dafa wa niyutrofil ne, ga shi babu niyutrofil ɗin. A ɗaya gefen kuma iri bai daina shigowa ba, dare da rana, mako huɗu. Tsakanin 50 da 43, a majinyata 'yan ƙalilan haka, mutum ɗaya ko biyu ne ke karkata alƙalamin, don haka ba zan kira shi ci gaba ba.

Sabon sashen kuma ya yi aiki ne domin ya tare abin tun a waje. Ana iya cewa ai shekarun sun bambanta, wataƙila ƙurar 1996 ba ta kai ta 1993 ba, kuma saukar da aka gani a ɗakin gama-gari daga 43 zuwa 29 tana goyon bayan mai wannan magana. Gaskiya ne kuma ba ƙuri'a aka jefa wajen raba majinyatan ba. Amma gwajin da ya fi nauyi shi ne na shekara ukun ƙarshe, domin asibiti ɗaya ne, shekaru ɗaya, harabar gini ɗaya, kuma ɓangaren da ya tashi da sifiri shi ne mai ɗauke da masu dashen ɓargo, waɗanda suka fi kowa rauni. Wannan ya isa hujja.

Inda nake da ja shi ne watanni 18 ɗin nan. Tsakanin allura da sabon gini akwai mataki na uku. Wani tsohon sashen cututtukan jini a birnin Montreal na Kanada ya shiga irin wannan hali tsakanin 1988 da 1993. Kafin gini, ana samun kamuwa 3.18 a kowane kwana 1,000 da majinyata suka yi cikin haɗarin kamuwa, idan aka haɗa kwanakinsu duka. Da aka fara gini ya haura 9.88. Ba su jira sabon sashe ba. Sun kawo matatun HEPA na tafi-da-gidanka suka ajiye a ɗakuna, suka toshe tagogi, suka sauya fallayen silin masu huji da marasa huji, suka cire labulen da ke tara ƙura, suka shafa wa bango maganin funfuna, suka tsaurara shara. Adadin ya dawo 2.91 alhali magina ba su tashi ba. A yi wa Haifa adalci, wannan rahoto bai fito ba sai 1996, amma na asibitin sojan Amurka yana nan tun 1986.

Yanzu an mayar da wannan doka a ƙasashe da dama. Kafin ɗan kwangila ya ɗaga guduma, sai injiniya da ma'aikatan hana yaɗuwar cuta sun zauna sun auna yawan ƙurar da aikin zai tayar da raunin waɗanda ke kwance kusa, su yanke matakin killacewa. A babban aiki ana tayar da katanga ta wucin gadi daga ƙasa har can saman silin, ba iya fuskarsa ba, a liƙe gefenta. A toshe bututun iskar da ke wajen. A sa injin zuƙar iska mai HEPA domin matsin wurin aiki ya kasance ƙasa da na baranda, akasin ɗakin majinyaci. A yi ɗan zaure inda leburori za su kakkaɓe jiki su taka tabarma mai danƙo, ɓaraguzai kuma su fita a rufe ta hanyar da majinyata ba sa bi.

Nan ne kuma maganar gobara ke shigowa, domin kusan duk abin da aka yi don tare ƙura yana taɓa ta. Katangar da ta raba baranda biyu ta yiwu ta toshe hanyar tsira, a wurin da mutane ke kan gado ba sa iya gudu. Ledar da aka saya a kasuwa aka rataya, wuta ce ke jiran ashana, musamman kusa da bututun oksijin, shi ya sa ake sharɗanta ledar da aka gwada ba ta ruruwa, ko allon filasta idan aikin zai ɗauki lokaci. Na'urar gano hayaƙi kuwa ƙura tana sa ta ihu ba dalili, sai ma'aikata su rufe ta, kuma abin da ke faruwa shi ne a tashi aiki a manta ba a buɗe ba. Ƙa'idar Amurka ta ce idan ƙararrawar gobara ta daina aiki fiye da awa 4 a cikin 24, ko bututun yayyafa ruwa fiye da awa 10, sai a sa mutum ya riƙa zagayawa yana sa ido ko a kwashe mutane. Mai walda kuma sai da takardar izini, da wanda zai tsaya da tukunyar kashe wuta har awa guda bayan an gama. Darasin Baltimore shi ne ɗaya fuskar abin: kayan kare gobara ma, in ba a kula ba, suna zama gidan funfuna.

Da yau ne, da maganin ya fi taimakawa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2007 a kan majinyata 602 ya nuna fosakonazol ya rage kamuwa da Aspergillus zuwa kashi 1 cikin 100, idan aka kwatanta da kashi 7 a waɗanda aka ba tsofaffin magunguna. Amma wannan gwaji ba a ɗakin da rabin mutane ke kamuwa aka yi shi ba, kuma maganin yana da tsada.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne kashi 29 ɗin nan. A lokacin an riga an san amsar, tana nan a cikin gini ɗaya, gado ne kawai babu. Wannan kuskuren lissafi ne tun a takardar tsara sashen, kuma majinyata ne suka biya shi shekara uku.

Ɗakin gama-garin Haifa na 1993 ya fi kama da yawancin ɗakunan jinyarmu fiye da sabon sashen. Tagogi a buɗe, fanka na juyawa, ana kemo a nan, ana zuba kankare a can, ga ƙurar hunturu a kan ta gini. An fara dashen ɓargo a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga mai ciwon sikila, kuma buƙatar irin wannan jinya a Arewa ba ƙarama ba ce. Sai dai ɗakin HEPA da wutar lantarki yake rayuwa. Da an ɗauke ta fanka ta tsaya, matsin faskal 2.5 ya tafi, don haka layin janareta na sashen yana cikin lissafi tun farko, haka ma kuɗin sauya matata. Toshe taga a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi kuma ba ya yiwuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Inda waɗannan ba su samu ba tukuna, akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai: a mayar da masu kemo ɓangaren da ya fi nisa da aikin kafin a fara, a rufe tagogin da ke fuskantarsa, a riƙa yayyafa wa bango ruwa ana fasawa, a hana baro bi ta barandar majinyata, kuma a rubuta duk wannan a cikin takardar kwangila, da sunan wanda ke da ikon tsayar da aiki idan aka saɓa.